Laraba a ɗakin gwaji: wutsiyar MUC1 da layin da ya ɓuya

Aikin yau guda ɗaya ne: a ga ko MUC1, wani furotin da ke saman ƙwayoyin halitta, zai ƙara kama beta-katenin (furotin na cikin ƙwaya mai kai saƙo) idan aka tsokani ƙwayoyin da EGF, sinadarin da ke zuga ƙwaya ta girma. Ƙwayoyin sankarar mama ne, nau'in T47D, faranti huɗu. Tun jiya da yamma aka cire musu siram, wato ruwan jini da ake ciyar da su, daga abinci don su lafa, in ba haka ba saƙonnin da siram ke tayarwa sai su danne wanda ake nema.

Duk wanda ya dubi girman MUC1 zai ɗauka shingen yauƙi ne kawai. Ɓangarensa na waje jerin amino asid (tubalan da ake gina furotin da su) guda 20 ne da ke maimaituwa sau da yawa, adadin ya danganta da gadon mutum, sukari ya lulluɓe su har furotin ya miƙe nanomita 200 zuwa 500 a saman ƙwaya. To amma tun bai fito waje ba yake tsinke kansa gida biyu a wani yanki nasa da ake kira SEA, ɓangarorin su ci gaba da riƙe juna. Ƙaramin ne ke ratsa fatar ƙwaya, kuma wutsiyarsa ta ciki amino asid 72 ce kacal, 7 daga cikinsu nau'in tirosin. A nan maganar take. Idan EGFR (furotin da ke karɓar EGF) ko enzayim c-Src ya ɗora fosfet a kan tirosin na wurin da ake kira YEKV a wutsiyar, kamun beta-katenin yakan ƙaru. Idan enzayim GSK3-beta ne ya ɗora a kan serin, wani amino asid da ke daf da wurin, sai ya ragu. Tirosin na wurin YTNP kuwa Grb2 yake jawowa, daga nan SOS, sai Ras, jerin furotin masu miƙa saƙon girma. A lafiyayyen shimfiɗin ƙwayoyi MUC1 na sama, EGFR na gefe da ƙasa, ba sa gamuwa. Sankara ce ke rushe wannan rabon, su wayi gari a maƙwabtaka.

Ƙarfe tara aka sa wa faranti biyu EGF, nanogiram 100 a kowace mililita, na minti goma. Biyu aka bar su haka. Daga nan komai a kan ƙanƙara: wanki biyu da ruwan gishiri na PBS mai sanyi, sai ruwan fasa ƙwaya mai ɗauke da otobanadet, sinadarin da ke hana cire fosfet. Mantuwa da otobanadet asara ce babba, domin cikin 'yan mintoci enzayim ɗin ƙwayar za su tsince fosfet ɗin. Kankare ƙwayoyin aka yi, ba a sa enzayim tirifsin ba, tunda yana cin furotin na saman fatar ƙwaya. An juya a inji minti 15, an ɗebi furotin maikirogiram 500 daga kowanne, an kamo MUC1 a jikin ƙananan ƙwallayen kamu da antibodi, wato furotin da ke gane wutsiyarsa ya kama ta.

Da yamma, bayan an raba furotin a jel bisa nauyinsu, layin beta-katenin ya fito a kilodalton 92 (ma'aunin nauyin furotin), ya fi kauri a inda aka sa EGF. Ban yarda da shi ba tukuna. Layin ƙaramin ɓangaren MUC1, wanda zai tabbatar cewa an kamo adadi ɗaya a ko'ina, yana sauka ne wajen kilodalton 25, daidai inda ƙaramar sarƙar antibodi ke sauka bayan tafasawa. Baƙin tabo ɗaya ya haɗiye su duka, saboda antibodi ɗaya aka yi kamu da dubawa da shi. Ga kuma yawan beta-katenin a waɗannan ƙwayoyin, maƙale da E-kadherin, furotin da ke manne ƙwayoyi da juna, kaɗan ya manne wa ƙwallayen kamu sai ya yi kama da sakamako.

Gyaran gobe: a ɗaure antibodin a jikin ƙwallayen da sinadarin ɗauri DMP don kada ya biyo furotin, a ƙara layi da antibodin da ba ya kama komai. Kaso ɗaya za a sa masa enzayim PNGase F ya yanke sukarin, layin ƙaramin ɓangaren ya sauko wajen kilodalton 17, ya rabu da tabon. Jel na kashi 15 ake bukata. Babban ɓangaren da ya haura kilodalton 250 sai jel na kashi 5, shi ma a shafe yake fitowa saboda sukarinsa ba ɗaya ba ne. Takardar duba fosfet kuma da BSA, furotin na jinin shanu, za a toshe ta ba da madara ba, domin kasin, furotin na madara, shi kansa ɗauke yake da fosfet.