Abin da na koya a shagon gem kafin in tattara kayana

Tunda dai magana ta riga ta zagaya daga Alaba Rago har Agege cewa wai korata aka yi, gara ku ji daga bakina. Ku da kuka san layinmu a Alaba kun san ni ke kan teburin tsofaffin gem, su Family Com, Sega, PS1, duk tarkacen da ke fitowa daga kwantenar tokumbo wanda sauran yaran shago ko kallo ba sa yi.

Asalin rigimar wani Alhaji ne daga Idi Araba ya kawo Famicom ta asali, mai ja da fari ɗin nan da Nintendo ta fitar a Japan a 1983, ba jabun da muka taso da shi ba. Ya ce so yake yaransa su ga abin da ya buga yana yaro. Ina ganin adaftan na ce Oga kar a jona, wannan wutar Japan yake ci, 100, tamu kuwa 230 ce, sai an bi ta sitefdawun, na'urar da ke rage ƙarfin wuta. Buɗar bakinsa sai ya ce tun kafin a yaye ni yake jona irin waɗannan. Eh yana jonawa, amma jabu yake jonawa, su dama da adaftan wutarmu suke zuwa, shi ya sa yake ganin duk ɗaya ne. Ya fizge ya cusa a soket, sai ƙauri. Adafta ya tafi, ya tafi da regileta, mai daidaita wuta a cikin gem ɗin.

Da Alhajin ya dawo, ina tsaye a wurin wallahi, Oga ya nuna ni ya ce, “Alhaji a yi haƙuri, yaran yanzu ba sa jin magana.” Alhaji ya kalle ni ya ce, “Haba ɗan samari, abin mutane fa amana ne.” Ban ce komai ba don a gaban kastoma ba ka ƙaryata maigidanka, haka aka koya mana. Ni na zauna bayan an tashi kasuwa na canza regiletar, wato 7805 ɗin, gem ya tashi, Oga ya karɓi kuɗin gyara a hannun Alhaji sannan ƙarshen wata ya yanke kuɗin adafta a albashina. Ya ci gaba ya ci baya kenan. To darasi na farko, in ka ja hankalin maigida a kan abu, ka yi a gaban shaida, ko da mai shayin bakin layi ne.

Daga nan idona ya buɗe na gane rabin cinikinsa a kan tatsuniyoyin yarinta yake. Hura kaset misali, duk mun yi, a hura a goga a riga a mayar. Hurawar ba ta gyara komai, cirewa da mayarwar ne ke sa haƙoran su zauna daidai, damshin baki ma tsatsa yake jawowa, auduga da sifirit sun isa. Oga ya sani sarai, amma shi ke cewa kastoma ya dinga hurawa, don ya san kaset ɗin zai dawo teburinsa. Haka bindigar Duck Hunt, gem ɗin harbin agwagwa, ba ta aiki sai da talabijin mai doro, saboda in ka harba allon na yin baƙi na ƙiftawar ido da farin akwati a inda agwagwar take, shi bindigar ke gani, filasma kuwa tana jinkirta hoton sai lissafin ya ɓaci. Yana sayar wa masu filasma, in sun dawo ya ce wutar gidansu ce. Kaset mai 9999 a ɗaya kam kowa ya san gem kaɗan ne ake ta maimaitawa, wannan ban ma ɗora masa ba, haka ya zo.

Abin dariya, waɗanda ake ɗauka ƙarya su ne gaskiya. Kifa PS1 yana sa wani mai gajiyayyen lens ya karanta faifai. Pad na biyu yana juya agwagwa a Duck Hunt, ƙannenmu da muka dinga ba su pad muna cewa suna bugawa ashe a nan da gaske suke. Kamfanin gem na Atari ma da gaske ya binne kaset a New Mexico ta Amurka a 1983, an tono su a 2014.

Sauran darussan gajeru ne. Hoto ya fito fari da baƙi, duba NTSC ne ko PAL, wato tsarin hoton da gem da talabijin ke bi, kafin ka kwance inji. Kar ka karɓi gyara ba ka gwada a gaban mai shi ba. Ka rubuta lambar kastoma a wayarka ba a littafin shago ba, na ji daɗin wannan yanzu da na kafa ɗan teburina a Agege.

Kuɗin da ya yanke na bar shi da Allah. Amma sitefdawun ɗin da ke ƙarƙashin tebur da kuɗina na saya, duk wanda ya gan shi ya faɗa masa zan aiko yaro ya karɓa.