Jadawalin darasin mako: yadda muke yi a 'yar makarantata

Ina da 'yar makarantar kuɗi a bayan gari a nan Kano, daga nazare zuwa aji shida na firamare. Mutane na ɗauka sana'ar nan gini ce da benci da yunifom da karɓar kuɗi. Duk suna ciki, amma abin da uba ke biya idan ya kawo ɗansa shi ne makonnin zango, 12 ko 13, a cire na bita da na jarrabawa a ga abin da ya rage. Mako ɗaya idan ya salwanta ba mai dawo maka da shi, kuma sau da yawa ba za ka sani ba sai an zo fitar da tambayoyin jarrabawa, malami ya ce, "Ranka ya daɗe, ai ba mu kai nan ba."

Tsarin da muka gada kowa ya san shi. Manhajar karatu daga hukumar NERDC take fitowa, a yanka ta zango-zango, mako-mako, shi ne sikim. Daga sikim malami ke rubuta lesin not a littafinsa: manufar darasi, abin da yara suka riga suka sani, kayan koyarwa, matakan gabatarwa, tambayoyin auna fahimta, aikin gida. Litinin da safe a jibge a teburin hedimasta, ya bi da jar biro ya sa hannu. Ban raina wannan ba, da shi aka koyar da mu. Illarsa a wurina ita ce littafin na malami ne. Albashin makaranta irin tawa ba ya riƙe mutum. Da ya samu aikin gwamnati ko gurbin ƙaro karatu, ko malama ta yi aure an kai ta wata unguwa mai nisa, sai a tafi da littafi a hammata. Wanda ya gaje shi ya shiga aji ya ce, "Ina kuka tsaya?" yara kuwa kowa ya faɗi nasa.

Wannan ne ya kai mu ga jadawalin intanet. Akwai manhajojin kwamfuta na musamman da aka yi don malamai, wasunsu da dala ake biya, kuma an gina su ne a kan tsarin makarantun Amurka. Mu Google Sheets muka ɗauka, kyauta ne kuma yana buɗewa a waya. Kowane aji da fayil ɗinsa, kowane mako da shafinsa, ranaku a jere daga Litinin zuwa Juma'a, Juma'ar kuma an rage mata darussa saboda tashi da wuri. Asusun na makaranta ne, malami izinin rubutu kawai ake ba shi, ranar da ya ajiye aiki a janye izinin, aikin ya zauna. Daren Alhamis kowa ya cike na mako mai zuwa, hedimasta ya duba daga gida ya bar gyara a gefen layi, kafin Litinin an daidaita.

Layin da na fi ji da shi shi ne na ƙarshe, wanda muka sa wa suna "abin da aka yi a zahiri". Shiri kowa ya iya shi, a rubuce duk darasi mai kyau ne. Amma malamar aji huɗu ta taɓa rubuta a wannan layin ranar Talata: "Ba mu gama ba. Sun dage ɗaya bisa takwas ya fi ɗaya bisa huɗu, wai takwas ta fi huɗu. Gobe zan zo da lemo." Laraba ta rubuta cewa ta yanka lemo biyu a gabansu, ɗaya gida huɗu ɗaya gida takwas, ta ce kowa ya zaɓi yankin da yake so, ba wanda ya miƙa hannu wajen ƙaramin. Darasin ya ci kwana biyu maimakon ɗaya, kuma duk wanda zai koyar da ajin baɗi ya san ya ware masa kwana biyu ya kuma tanadi kuɗin lemo. Da farko malamai sun ji tsoron layin, suna ganin tarko ne na yanke albashi, kowa sai ya rubuta "an gama". Sai da na tara su na ce ba zan taɓa hukunta mai rubuta "ba a gama ba" ba, wanda zan tuhuma shi ne wanda ya ce an gama alhali littafin yaro bai nuna ba.

Jadawalin ya kuma yi mana rana a 2025, lokacin da Kano da Katsina da Bauchi da Kebbi suka rufe makarantu saboda azumi. Lissafin makonninmu ya rikice. Da a takarda ne sai an sake rubutu daga tushe, a nan kuwa ni da hedimasta muka zauna muka matsar da makonnin, muka ga darussan da za a iya haɗewa da waɗanda ba sa haɗuwa.

Wahala kam akwai. Kuɗin data ya tashi tun da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, dole na riƙa ɗora wa malamai ɗan wani abu a kan albashi don data. Wuta ba tabbas, shi ya sa akwai soket na sola a ofis don cajin waya, kuma mun saita fayilolin su buɗe ko babu sabis. Akwai wani dattijon malami da ya ce shi yatsunsa ba na latse-latse ba ne. Ban matsa masa ba, don ya fi mu duka iya koyar da karatu. Yana rubutawa a takarda, wata matashiyar malama ta shigar masa. Masu duba makarantu daga ma'aikata kuma takarda suke son gani da sa hannu da kwanan wata, saboda haka duk Litinin sai an buga an jera a fayil, tawadar firinta na cin nata rabon.

Abin da ya fi damuna shi ne kwafe. Waya ta sauƙaƙa wa malalaci ya ɗebo lesin not daga intanet ya liƙa bai ko karanta ba. Na taɓa ganin darasin yanayi na aji biyu yana maganar dusar ƙanƙara, ba hunturu ba bazara ba damina. Na ce, "Malam, a wace unguwa yaranmu suka ga wannan?" Tun daga nan nakan shiga aji ba sanarwa, in zauna a bencin baya da wayata a buɗe, in karɓi littafin yaron da ke kusa da ni in gwada da abin da ke jadawali. In sun yi daidai in fita shiru. In sun saɓa, malam ya same ni a ofis bayan an tashi, mu buɗe shafin makon tare.