Tiyo huɗu na ɓata kafin na zagaye ginshiƙi ɗaya

Shagon yana unguwar Zariya a nan Maradi. An gama shafe, an yi fenti, mai shi kuma ya rantse ba wanda zai sa masa guduma a bango. Ke nan babu maganar fasa bango a binne tiyon nan mai ruwan goro da muka saba. Dole tiyon kuran ya bi saman bango a fili, irin mai taurin nan mai ruwan toka, mai kaurin milimita 20. Ga shi magini ya fito da ginshiƙin kankare a tsakiyar bangon, ya turo ciki da santimita 10. Maigidana ya nuna mini shi ya ce, "Ka zagaye mini wannan kafin in dawo daga kasuwa." Ya hau babur ya tafi.

Shekarata guda ke nan ina bin shi, amma duk tiyon da na taɓa sawa cikin siminti yake ɓoye, inda ba mai ganin karkatarsa. Na ari furno wajen mai shayin da ke bakin titi, na ɗora tiyo kan garwashi, na ji ya yi laushi, na naɗe shi a gwiwa. Nan take cikin lanƙwasar ya tattare kamar fatar wuyan tsohon sa. Na biyu na bar shi ya daɗe, ya yi baƙi, ya tashi wani hayaƙi mai yaji da ya sa ni tari har da hawaye. Hayaƙin robar PVC, wadda da ita ake yin tiyon, guba ne, kada wanda ya tsaya shaƙarsa, balle a cikin shago. Na uku da na huɗu sun yi kyau a ido, har na kafa na huɗun a bango ina jin daɗi.

Da maigida ya dawo bai ko duba kyan aikin ba. Wayar da ake jan wayoyi da ita cikin tiyo ya miƙo mini, wadda muke kira tirfil, ya ce in zura. Ta shiga lafiya har ta kai lanƙwasa ta biyu, ta tsaya cik. Na tura, na murɗa, shiru. Ya ɗauki zarto ya yanke wurin ya nuna mini: bakin da ya kamata ya zama da'ira ya koma kamar ƙwai da aka danne. Ya ce, "Yaro, kai bango kake yi wa aiki, ka manta waya ce za ta bi ciki."

Ya aike ni in ɗebo yashi daga tarin da magina suka bari. Yashin gulbi ne, mai laushi. Muka tankaɗe shi, ya sa na shanya shi kan kwano a rana, don jiƙaƙƙen yashi in ya ji wuta tururi yake yi a cikin tiyo. Muka toshe baki ɗaya da tsumma, muka ɗura yashi muna bubbuga tiyon a ƙasa har ya daina sauka, muka toshe ɗaya bakin. Yashin shi ke riƙe cikin tiyo kada ya lotsa. Sai ya riƙe shi sama da garwashin da tazarar kamar taƙi guda, yana juya shi a hankali kamar mai gasa masara, yana kai shi gaba yana dawo da shi. Ni wuri ɗaya na riƙa gasawa, faɗin yatsa uku. Shi kuwa tsawon taƙi guda ya ɗumama, saboda lanƙwasar ta sami wurin bajewa. Wannan roba tana fara sakin jiki tun wajen digiri 80, ba ta ma kai zafin tafasar ruwa ba, don haka harshen wuta ba shi da aiki a nan. Da tiyon ya fara sunkuyawa da nauyin kansa, ya kwantar da shi a daɓe, ya lanƙwasa, ya shafa masa jiƙaƙƙen tsumma, ya sandare a haka.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne zanen da ya yi da alli a daɓen kafin ya taɓa wuta. Ni na so in bi ginshiƙin kusurwa-kusurwa: in fito a tsaye, in bi fuskarsa, in koma a tsaye. Lanƙwasa huɗu ke nan masu digiri 90, jimla 360, wato waya ta yi cikakken zagaye a cikin taki ɗaya. Shi ma lanƙwasa huɗu ya yi, amma kowacce digiri 30, jimla 120. Tiyon ya taso daga bango a kwance-kwance, ya haye fuskar ginshiƙin, ya sake gangarawa. Lissafinsa kuma ba wuya: in kana lanƙwasa digiri 30, tazarar da ke tsakanin lanƙwasa biyu ninki biyu ce na tsayin abin da za ka haye. Ginshiƙi ya turo santimita 10, sai ka bar 20 tsakanin alamominka. In wuri ya matse ka yi digiri 45, tazarar ta dawo wajen 14, amma jan waya zai ƙara nauyi. Kuma kowace hawa tana cin tsawon tiyo, kusan santimita 3 a irin wannan ginshiƙi, ta kowane gefe. Shi ya sa ba a yanke ƙarshen tiyo sai an gama lanƙwasa an gwada a bango. Wannan ma sai da na yi asarar wani guntu daga baya kafin ya zauna mini.

Inda digiri 90 ya zama dole, kamar saukowa zuwa makunni, ana son lanƙwasar ta yi faɗi, kamar an naɗe ta a kan da'irar da daga tsakiyarta zuwa baki ya kai kaurin tiyon sau shida. Ga mai milimita 20, santimita 12 ke nan. Ni bokitin fenti nake kifawa in bi gefensa. Akwai ƴan gwiwa, wato guntayen tiyo lanƙwasassu, da ake sayarwa a shirye, suna da sauri, amma ban cika son su a tsakiyar layi ba, don nan tirfil yake yawan maƙalewa.

Bayan wata biyu na sayi sifirin na lanƙwasa, wanda wasu ke kira rasor. Ana ɗaura masa igiya a zura shi cikin tiyo har wurin alama, a lanƙwasa a gwiwa ba tare da wuta ba. Sai ka ɗan wuce inda kake so, don tiyon yana komawa baya kaɗan in ka sake shi. Kowane kauri da nasa sifirin. Na 16 ba ya riƙe cikin na 20. A watan Afrilu, lokacin da zafin Maradi ke haura digiri 40, tiyon da ya sha rana a waje kamar ya roƙe ka ka lanƙwasa shi. Da safiyar hunturu kuwa sai ka goge wurin da tsumma har ya ɗumama, in ba haka ba ka ji ƙas, ya tsage. Tiyo mai arha, mai siririn jiki, shi ko da sifirin fari yake yi a bayan lanƙwasa, alamar ya kusa fashewa. Na daina saye, ko mai ginin ya yi ƙorafin kuɗi.

Akwai kuma abin da lanƙwasa mai kyau ba ta gyarawa, wato cunkoso. Ƙa'idar da aka koya mini ita ce wayoyi kada su cika fiye da kashi ɗaya cikin uku na cikin tiyo. A wancan shagon wayoyi uku ne na soket masu kaurin murabba'in milimita 2.5, suka wuce ginshiƙin da ja ɗaya, ni ina turawa, maigida yana ja.

Tiyo huɗun da na ɓata, maigida ya cire kuɗinsu daga sallamata ta wannan mako. Guntun da ya yanke da zarto yana cikin akwatin kayan aikina har yau. Yanzu akwai yara biyu da ke bi na, kuma duk wanda ya zo sabo shi nake fara miƙa masa, in ce ya leƙa ciki ya gaya mini abin da ya gani.