Ƙuli-ƙuli ya hana ni daidaita sahu

'Yan uwa masu koyon C, yaren rubuta firogiram, jiya bayan sallar isha'i jerin farashin nan ya miƙe sambal a kan baƙin allo. Kwana tara ina fama da shi, don haka ku yi haƙuri in na cika ku da surutu.

Gwaggona tana da shagon kayan masarufi a Aboabo, nan Kumasi, ni ne mai riƙe mata lissafi in na taso daga makaranta. Na rubuta ɗan firogiram da zai jero kaya da farashi da abin da ya rage. Da farko \t na sa, wato tab, tsakanin suna da farashi, ya ba ni kunya nan take. Tab yana tsalle ne zuwa gida na 8, na 16, na 24, ita kuwa "shinkafa" harafi 8 ce cif, sai farashinta ya yi gaba ya bar na gari da na manja a baya. Na koma %-14s, wato umarnin da ke sa printf, mai fitar da rubutu a allo, ta ware wa kowane suna gida 14, komai ya zauna, har na kira gwaggo ta gani.

Sai ta ce, "To ina gyaɗa, ina ƙuli-ƙuli?"

Ina saka su sahu ya karye. Farashin gyaɗa ya ja baya da gida 1, na ƙwai haka, na ƙuli-ƙuli da gida 2. Na zargi rubutun allon, na canja shi. Na zargi kwamfutar, na ɗauki fayil ɗin zuwa na'urar abokina a Asawase, duk kanwar ja ce. Sidi 30, kuɗinmu na Ghana, na ƙona a data ina kallon bidiyon da duk misalansu sunayen Turawa ne, babu mai lanƙwasa ko ɗaya. Wannan kuɗin har yanzu yana yi mini ciwo. Ranar Laraba kuma dumso, wato ɗaukewar wuta, ya same ni ban adana aikin awa biyu ba, na rufe kwamfutar raina a ɓace.

Abin da ya fid da ni, na sa strlen, mai auna tsawon rubutu, ta ƙirga mini "ƙuli-ƙuli". Da idona harafi 9 nake gani, ita ta ce 11. Ashe printf ba haruffa take ƙirgawa ba, bayit take ƙirgawa, wato ma'aunin wurin da harafi ke ci a ƙwaƙwalwar kwamfuta. A tsarin UTF-8, da kwamfuta ke adana rubutu da shi, haruffan a zuwa z bayit ɗaya-ɗaya ne, amma ƙ da ɗ da ɓ kowanne bayit 2 yake ci, alhali gida ɗaya yake zama a allo. Sai printf ta ɗauka kalmar ta fi tsawonta, ta rage mini fili. Haka ɛ da ɔ na Asantawa, kuma kusan rabin masu karɓar bashi a shagon sunayensu na Twi ne. Alamar sidi, ₵, ta fi kowa ci, bayit 3. Ita ce ta sa kalmar "Farashi" da ke sama ta ƙi zama daidai da lambobin ƙasa tun ranar farko, ni ko ina ta cusa fili da hannu.

Maganin bai kai layi goma ba. Duk bayit ɗin da yake cikon wani harafi da 10 yake farawa in an rubuta shi da 0 da 1, don haka na ƙirga waɗanda (c & 0xC0) != 0x80 kawai, inda c shi ne bayit ɗin da ake dubawa, su ne haruffan gaskiya. Na cire wannan adadin daga na strlen, na ƙara bambancin a kan faɗin, na miƙa wa printf ta %-*s, inda tauraron ke karɓar faɗin. Wallahi da na ga GH₵ sun jeru tamkar sahun Juma'a, sai da na tashi tsaye. Ku yi wa c ɗin unsigned char, ya fi kwanciyar hankali. Masu Python, ljust ɗinku haruffa take ƙirgawa, wannan ciwon bai same ku ba, sai dai in kun sa alamar karin sauti daban a kan wasali, nan kuma ni da ku duk za mu sha.

Da safe gwaggo ta sa tabarau ta bi jerin da yatsa har ƙasa, ta ce, "Yauwa ɗana, yanzu ya karantu." Ta kuma gano na sa wa sukari tsohon farashi.

Saura ƙaramar na'urar buga rasit da na aro, mai harafi 32 a layi. Ita ƙ ɗin ma ba ta san ta ba, wasu alamomi biyu take fitarwa a madadinta, kuma na riga na cinye rabin nadin takardar.