Abin da Baba mai goro ya gani a zanena

Shekara tara ina zanen gine-gine a Legas kafin a kawo mini aikin da ya nuna mini iyakata. Wani Alhaji mai harkar shanu a nan Ikko, mutumin Bauchi, yana da fili a yankin Alkaleri, kan hanyar shiga dajin Yankari. Ɗakuna shida na saukar baƙi yake so, inda mutum zai kwana da kukan tsuntsaye a kunne, da safe ya wuce kallon giwaye, ya yi wanka a ruwan ɗumi na Wikki. Sharaɗinsa guda ne: ginin ƙasa, irin na gidan kakansa. 'Yan'uwansa sun yi ta masa dariya, wai ya tara kuɗi a Kudu zai je ya gina talauci. Ni kuwa hannu bibbiyu na karɓa.

Cikin mako biyu na gama zane. Kowane ɗaki mita 5 a mita 6, da ƙatuwar tagar gilas mai duban yamma, don can duwatsun suke. In za a faɗi gaskiya, ɗakin otal na Lekki, unguwar masu kuɗi a Legas, na zana, na shafa masa launin ƙasa.

Akwai wani dattijo mai sayar da goro kusa da masallacinmu a Agege. Mun daɗe muna gaisawa ban san magini ba ne, sai wani dare bayan isha'i da na buɗe kwamfuta a teburin mai shayi. Ashe a Zariya ya yi ƙuruciyarsa a kan katanga, ciwon baya ne ya sauko da shi. Ya leƙo, ya daɗe yana kallo.

"Ɗana, wannan ɗakin da me za ka rufe shi?"

Na ce, "Da azara, Baba."

Ya ɓare goro ya jefa a baki. "To, giginyar garinku daban ce ke nan."

A daren na san cewa azara ba ta wuce wajen mita biyu tana ɗauke da nauyin rufin ƙasa ba tare da ta sunkuya ba. Mai son ɗaki mai faɗi sai ya kafa ginshiƙi, ko ya ɗaura bakan gizo, a jera azara daki-daki cikin ƙasa har bakin ya haɗu a sama. Haka Babban Gwani Muhammadu Durugu ya rufe masallacin Juma'a na Zariya tun shekarun 1830. Na karanta wannan a jami'a, har jarrabawa na ci a kai, amma ban taɓa haɗa shi da faɗin ɗakin da hannuna ke zanawa ba. Baba ya ƙara da cewa namijin giginya za a nema, shi ne mai taurin da gara ba ta iya masa, kuma yanzu samunsa sai an yi tafiya.

Tagar ce muka fi daɗewa a kai, don ina son ta. Ya tambaye ni ko na taɓa zama a ɗaki mai duban yamma a watan Afrilu a ƙasar Bauchi. Amfanin bangon tubali kaurinsa: yana shanye zafin rana a hankali, sai dare ya yi yake sakinsa, lokacin da gari ya yi sanyi. Ka huda shi ka sa gilas, ka zubar da wannan duka, sai ka sayo na'urar sanyi da janareto, ƙarar janareto kuma ta kori tsuntsayen da baƙon ya biya kuɗi don ya ji. Gabas ma ba ta da sauƙi, daga can hadari ke tasowa, bangon gabas shi ke shan dukan ruwa. Legas ta saba mini da rufe gini ruf a bar wa inji sauran aiki, shi ya sa tunanin bai zo mini ba.

Na ce to baƙon ta ina zai ga duwatsun? Ya ce, "Ba shi da ƙafa?"

Haka muka koma ƙananan tagogi kudu da arewa, ɗaya a saitin idon wanda ke kishingiɗe a gado, sannan rumfar zana da dakali a gefen yamma. Rumfar ta tare wa bango rana, wanda ke son kallon faɗuwarta kuma ya fito da shayinsa. Banɗaki da tushen gini da dutse muka yi su, don ruwan famfo da ƙasa ba sa ga maciji.

Wuri ɗaya na ƙi jin magana. Baba ya ce a shafe bango da makuba, ruwan ɓawon ɗorawa da ake kwaɓawa da ƙasa, rufi kuma a yi masa laso, haɗin katsin marina da gashin akuya da dafara. Alhaji ya ji cewa wannan sai an riƙa sabuntawa, ya ce ba zai iya ba, yana Legas. Na ba shi shawara mu gwada filastar siminti a ɗakuna biyu. Damina ɗaya ta isa. Siminti da ƙasa ba sa miƙewa tare in zafi ya buga, sai ya tsage, ruwa ya shiga ta tsagar ya rasa hanyar fita, ƙasar ta jiƙe a ɓoye. A watan Satumba aka turo mini hoto: filastar ta ɓamɓare faifai-faifai, ta tafi da naman bangon. Ɗakuna huɗu na makuba ko gezau. Kuɗin gyaran rabi daga aljihuna ya fita, kuma ban yi gardama ba.

Abin da ke ba ni haushi har yanzu, sai da Francis Kéré na Burkina Faso, mai zanen gine-ginen ƙasa, ya ci kyautar Pritzker, babbar kyautar zanen gine-gine ta duniya, a 2022 abokan aikina suka daina yi wa ginin ƙasa kallon aikin ƙauye. Alhali masallacin ƙasa na Yama a Nijar, na magini Falke Barmu, ya ci kyautar gine-gine ta Aga Khan tun 1986. Ni kaina ban fi su ba, tunda na fi shekara biyar ina sayen goro a hannun malamina ban taɓa tambayarsa sana'arsa ba.

Yanzu a takardun aikin akwai shafin da babu a sauran ayyukana: yaɓe duk shekara bayan kaka, da kuɗinsa, da maginan garin da za su yi shi. Makon jiya na kai wa Baba hoton ɗakunan bayan gyara. Ya matso da wayar kusa da ido, ya ce bakan ya zauna, sai dai indararon gabas ya yi gajere, a ƙara masa taƙi guda kafin ruwan fari.