Kafin a ce ɗan majalisa ya ci zaɓe sau uku

Jama'ar Garwa da Marwa, ana yawan yabon ɗan majalisa da cewa sau uku yana cin zaɓe. Ku duba yadda ya ci tukuna. A Kamaru, mazaɓar da ke da kujeru da yawa jerin sunayen 'yan takarar jam'iyya ake zaɓa. Jerin da ya haura rabin ƙuri'u shi ke kwashe kujerun duka, har na ƙarshe a takarda ya wuce majalisar dokoki a Yawunde ko da unguwarsu ba ta san fuskarsa ba. In babu wanda ya haura rabi, jerin da ya fi ƙuri'u ya ɗauki rabin kujeru, saura a raba tsakanin jerin da suka kai kashi 5 cikin ɗari.

Shi ya sa kokawar gaske a ɗakin jam'iyya take, ranar jera sunaye. Wannan yana damuna ƙwarai, domin talakan da ya sha rana a layi bai da baki a wurin.

Kuma guguwar jam'iyya na ɗaga mutum, ta kayar da shi. Jam'iyyar UNDP ta Kamaru ta samu kujeru 68 cikin 180 a 1992, ta dawo 13 a 1997, a 2002 ɗaya tal.