Daren da Glacius ya kasa mini a gaban Inferi

Tun da Madam Kogawa, malamar tashi da tsintsiya, ta koya mini Glacius, sihirin ƙanƙara, a wasan bidiyo na Hogwarts Legacy, bayan na gama fasa mata balan-balan a kan tsintsiya, ban ƙara kallon wani sihiri da daraja ba. Ka nuna sanda, abokin gaba ya daskare ƙiƙam kamar gunki, ka bi shi da Diffindo, sihirin sara, jininsa ya zube warwas. Garkuwar sihirin nan mai ruwan ɗorawa da wasu abokan gaba ke kāre kansu da ita ma fasa ta yake yi. Da na ƙara masa baiwar da ke sa ƙanƙarar ta tarwatse ta raunata na kusa, sai na ga ai na gama da wasan.

Wannan yardar ce ta sa na cire Incendio, sihirin wuta, daga guraben sihiri huɗun da ke hannuna. Wuta fa na cire, da hannuna, don in samu wurin jera sihirin da nake ganin sun fi dacewa da ƙanƙara.

A haka na shiga wani kogo, Inferi suka taso daga ƙasa, gawawwakin nan masu tafiya. Na jefa Glacius, na sara da Diffindo, layin jininsu ko motsi bai yi ba. Na sake. Na kuma sakewa. Ina jiran sihirin ya dawo, suna ta rufe ni, ni kuma ina ta kwankwaɗar Wiggenweld, maganin da ke maido da jini, har kwalaben da na daɗe ina tarawa suka ƙare tas. Sau uku ana kashe ni a wuri ɗaya, kuma duk ukun da Glacius na sake buɗe faɗan. Wannan taurin kan ne har yanzu yake ci mini rai, fiye da asarar maganin.

Inferi ba sa jin komai sai an fara cinna musu wuta. Shi ke nan. Da na maido da Incendio na haɗa da Confringo, wanda shi ma sihirin wuta ne, faɗan da ya cinye mini dare bai ɗauki wani lokaci ba.

Ban daina son Glacius ba, a kan mafarauta da 'yan Ashwinder, wata ƙungiyar miyagun matsafa, har gobe shi ne farkon abin da nake jefawa. Amma yanzu kowane jeri nawa akwai wuta ɗaya a ciki, kuma in na buga sau biyu layin jini bai ragu ba, ja da baya nake yi in canza sihiri, ba na ƙara na uku.